Filin Amsa Tambayoyinku: Ina son aikin gidan rediyo, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum masu karatu, ya sanyi ya iyali. Wannan watan saƙonnin da suka taru mani kusan duk a kan abu guda suke, wato aikin rediyo, tun da na ambata a fitowar baya cewa a gidan rediyon gwamnati na yi aikina har na aje. Na tsamo wasu daga ciki, masu tsawo na ɗan rage su sabida fili, sunaye kuma kun san ba mu sawa.

TAMBAYA: Salam Baba, da fatan kana lafiya. Ni matashi ne daga Mai'adua, na gama sakandire bara kuma tun ina yaro ake ce mani ina da murya, ko a makaranta ni ke karanta labarai a asambuli, abokaina har kwaikwayon 'yan BBC suke sa ni in yi masu. Gaskiya ba ni da burin da ya wuce in ji muryata a rediyo. Me ya kamata in karanta? Kuma wai da gaske ne in ba ka da kowa a sama ba a ɗaukarka?

AMSA: Wa alaika salam ɗana, Allah shi yi maka albarka. Na ji daɗin saƙon nan ƙwarai, kuma tunda ka ambaci BBC bari in fara gaya maka abun da zai ƙara maka ƙarfin gwiwa, ranar 13 ga Maris 1957 da aka buɗe sashen Hausa na BBC, muryar da aka fara ji ta Aminu Abdullahi Malumfashi ce, ɗan ƙasar Katsina. Don haka ba wani baƙon abu kake nema ba, gadon gida ne.

Amma zan gaya maka gaskiya, murya ita ce mafi ƙanƙanta a cikin kayan aikin nan. Na ga masu murya mai daɗi da yawa sun shigo da zumuɗi, ba su daɗe ba suka gaji suka tafi, don sun ɗauka aikin shi ne a zauna a sutudiyo cikin sanyin esi a buɗe makirfo a yi ta zuba. Minti goma da kake ji ana karanta labarai, akwai wanda ya wuni a kotu, akwai wanda ya hau mashin ya je ƙauye ya dawo da ƙura har cikin kunne, akwai edita da ya tace, akwai mai fassara da ya zauna ya juya takardar gwamnati mai shafi biyar ta koma magana ukku da tsohuwa mai saida ƙuli-ƙuli za ta gane. Mai karantawa shi ne na ƙarshe a layin. In kana son aikin nan ya riƙe ka, to ka so waɗancan ayyukan na baya tun yanzu.

Kuma ka fara sanin wa kake ma magana. Gidajen rediyo masu zaman kansu, waɗanda aka buɗe ma ƙofa a 1992 lokacin da aka kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, da talla suke rayuwa, dole su bi inda mai saye yake, wato birni, kuma ban ga laifinsu ba. Amma gidan gwamnati, ko na jiha ne ko na tarayya irin Companion FM da ke nan Katsina, da kuɗin jama'a aka gina shi kuma da su ake biyan albashi, don haka haƙƙin mutumin da babu mai talla da ke nemansa yana wuyanka. Manomin da ke bayan Zango, makiyayin da ke rugar da ko hanyar mota babu, matar da ke cikin gida ba ta karatun boko ba ta da babbar waya, amma akwai 'yar rediyo mai batir biyu rataye a ƙusa. Jihar nan tun da aka ƙirƙiro ta a 1987 ta kai ƙananan hukumomi 34 yanzu, ka lissafa ƙauyuka nawa ne a ciki waɗanda jarida ba ta taɓa kwana ba. Dalilin da ya sa gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962 ke nan, a samu muryar da za ta kai ma talakan Arewa da harshensa, kuma ko da gidan ya koma ƙarƙashin Rediyon Najeriya a 1978 mutanen karkara ba su sake shi ba.

To batun karatu. Hanyar da aka fi bi ita ce koyon aikin jarida, ko difloma ko digiri. Akwai shi a kwalejin Hassan Usman da ke nan Katsina, akwai a Kaduna Poli, akwai a jami'ar Bayero ta Kano da ta Ahmadu Bello a Zariya. Ka tabbata kana da kiredit biyar har da Turanci da lissafi, kuma makarantu da yawa suna neman adabin Turanci, don haka ka duba sakamakonka tun kafin ka sayi fom ɗin JAMB. Amma kar ka ɗauka ita kaɗai ce ƙofa. Wanda ya karanta Hausa a jami'a gidan rediyo na buƙatarsa sosai, haka wanda ya karanta aikin gona ko kiwon lafiya ko shari'a, ni a ganina ma mai ilmin gona da ya koyi rediyo ya fi amfani ga shirin manoma a kan ɗan jaridar da bai san bambancin gero da maiwa ba. In kuma ka iya Fulatanci to ka riƙe shi da kyau, hukumar ilmin makiyaya da aka kafa a 1989 ta daɗe tana aiki da rediyo don kai saƙo ruga, kuma masu iya gabatarwa da harshen ba su da yawa. Bayan ka shiga aiki kuma akwai makarantar horaswa ta Rediyon Najeriya a Ikeja, can Legas, inda ake tura ma'aikata kwas na 'yan watanni kan gabatarwa da haɗa shiri da aikin injiniya.

Kafin duk wannan akwai abun da za ka fara gobe ba tare da ka biya ko sisi ba. Kasuwarku ta Mai'adua da ke ci ranar Lahadi, mutane daga Nijar da kudancin ƙasar nan duk suna haɗuwa a cikinta, makaranta ce babba. Ka ɗauki wayarka ka shiga kara, ka nemi izni wurin dillali ka tambaye shi ya farashin raguna yake wannan makon kuma me ya ɗaga shi ko ya kada shi, ka je wurin masu hatsi ka ji nawa tiyar gero, ka tsaya ka saurara da kyau kar ka riƙa katse mutum don ka nuna kai ma ka sani. Ka dawo gida ka yanke shi ya zama minti ukku, akwai manhajar Audacity kyauta ce in ka samu kwamfuta, a waya ma akwai masu yi. Sai ka kunna ma kakarka ko wani dattijo a unguwa, in ya gane kuma ya ce a sake kunnawa to ka kama hanya, in ya fara hamma ka koma ka gyara. Ka riƙa ɗaukar labari ɗaya na Turanci kullum kana maida shi Hausa da baki, ba kalma da kalma ba, yadda za ka ba abokinka labari a majalisa. Ranar da za ka je neman gurbin koyon aiki, ko na makaranta ko na bautar ƙasa, ka tafi da waɗannan a waya, shugaban sashen shirye-shirye zai fi kallonka a kan wanda ya zo da takarda kawai.

Batun sai kana da wani a sama kuwa, ba zan yi maka ƙarya ba, akwai shi, kamar yadda yake a kowace ma'aikata. Ɗaukar aiki na dindindin ba kullum ake yi ba, sai gwamnati ta ba da izni, kuma idan aka buɗe kowa na turo nasa. Mafi yawan yaran da na sani ta wucin gadi suka shigo, ana ba su ɗan alawus da bai taka kara ya karya ba, wasu shekaru suna jira, kuma wannan abu ne da ke ci mani rai har yau don na ga yara masu hazaƙa da suka riƙe shiri sukutum a kan kuɗin da bai isa kuɗin mota ba. Sai dai rediyo na da wani hali guda, ba a iya ɓoye rashin iyawa a cikinta. Wanda aka kawo da takardar babban mutum in aka buɗe mashi makirfo ya kasa, duk jiha ta ji, dole a nemo wanda ya iya. Mai digiri a matakin albashi na 8 yake farawa, ka san abun da hakan ke nufi a tsadar yau, don haka ka riƙe gonarku ko wata 'yar sana'a a gefe, ba abun kunya ba ne.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni magidanci ne a cikin birnin Katsina, 'yata ta gama difloma ta dage sai aikin rediyo, mahaifiyarta na goyon bayanta ni kuma hankalina bai kwanta ba. Ina jin ana aikin dare, ga cuɗanya da maza, ga shi kowa zai san sunanta, ina tsoron kar ya hana ta aure ko a riƙa yi da ita a gari. Ka ba ni shawara tsakani da Allah.

AMSA: Ranka ya daɗe Alhaji, Allah shi saka da alheri da ka tsaya ka tambaya maimakon ka yanke hukunci kai tsaye. Damuwarka ta uba ce kuma ba zan raina ta ba.

Aikin dare akwai shi, gidan rediyo na buɗewa tun asuba ya kai har dare, wani ma ba ya rufewa. Amma jadawali ake yi, kuma a inda na yi aiki ana duba matan aure da 'yan mata a sa su safe ko rana, musamman waɗanda ke sashen shirye-shirye, don yawancin shirin mata da yara da na lafiya naɗarsu ake yi da rana a aje, ba kai tsaye ake yi ba. Abun da nake ba ka shawara shi ne ka taka da ƙafarka ka je gidan, ka nemi ganin shugaban sashen da za ta zauna, ka tambayi yadda jadawalin yake, ka ga manyan matan da ke wurin, za ka tarar da iyaye mata masu jikoki da suka yi shekaru suna aikin da mutuncinsu. Ka ɗora ta a hannun ɗaya daga cikinsu. Wannan ba shisshigi ba ne, kuma duk shugaban kirki zai ji daɗin ganin uba ya zo.

Yanzu bari in gaya maka dalilin da ya sa nake roƙonka ka bar ta. Alhaji, akwai ƙofofin da ni da kai ba za mu taɓa shiga ba. Ni na je ƙauyuka da rikoda, iyakata zaure, in zauna da mai gida da mai unguwa su gaya mani lafiya lau ake. Abokiyar aikina mace kuwa sai ta yi sallama ta shige har tsakar gida, ta zauna kan tabarma da matan, ta fito da labarin da ya sha bamban da nawa, cewa mace ta yi kwana biyu tana naƙuda ba a kai ta asibiti ba don mai gida ya yi tafiya babu wanda zai ba da izni, cewa yaro ya kumbura ana ta yi mashi turaren mayu alhali tamowa ce, cewa an daina zuwa awo don asibitin ba ma'aikaciya mace. Matan nan su ne suka fi kowa sauraren rediyo, tana kunne suna daka suna wanki suna tuƙa tuwo, kuma akwai maganar da mace ba ta karɓa sai daga bakin mace 'yar'uwarta. In babu mata a gidan rediyo to rabin jama'a an bar su da sauraren maza suna magana a kansu.

Ka tuna rikicin allurar shan inna na 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafi a wasu jihohin Arewa sabida zargi da tsoro, cutar ta sake bazuwa har ƙetare. Kafin a kai ga Agustan 2020 da aka bayyana an rabu da ƙwayar cutar ta asali a nahiyar Afirka, sai da sarakuna da malamai da ma'aikatan lafiya suka yi shekaru suna bi gida-gida, kuma rediyo na cikin abun da ya ɗauki muryoyinsu ya kai inda ƙafa ba ta kai ba. A irin wannan aiki muryar uwa da ke cewa ni ma na kai nawa an ɗiga masu ta fi dogon jawabin jami'i tasiri. Yau ga tamowa na cin yara a ƙananan hukumominmu, ga ƙyanda, ga sanƙarau duk bazara, ga amai da gudawa duk damina, aikin bai ƙare ba.

Maganar aure kuwa, wanda zai aure ta zai zo ya same ta tana aikin, sai a yi magana a fili tun farko, ya amince ko bai amince ba, kar a ɓoye a bari sai bayan biki. Abun da ya kamata ku ja mata kunne a kai shi ne waya, don mai sauraro in ya saba da murya sai ya ga ai ya san mutum, kar ta ba kowa lambarta, duk mai saƙo ya bi ta layin ofis. Sanin suna a gari kuma ya danganta da abun da aka san mutum da shi, in an san ta da shirin da ya sa mata suka fara zuwa awo, Alhaji addu'a za ka riƙa sha a masallaci.

TAMBAYA: Kawu ni daga wani ƙauye nake a ƙasar Baure. Me ke sa da dare rediyona ke kamo tashoshi na nesa har na Nijar da na ƙasashen waje tar, amma FM na Katsina sai shuuu yake yi sai na ɗaga eriya na fita waje?

AMSA: Ɗan'uwa rediyonka lafiyarta lau. Zangon FM, wanda ke tsakanin 88 da 108 a jikin akwatin, tafiyarsa kamar hasken tocila take, miƙe yake tafiya daga kan dogon ƙarfen tashar, in nisa ya yi yawa ko tudu ya tare sai ya dushe, shi ya sa yake da daɗin sauti a birni amma ba ya nisa. Matsakaicin zango kuwa yana bin ƙasa da rana, da dare kuma sai ya riƙa dokan wani sashe na sararin sama ya dawo ƙasa can nesa, gajeren zango ma da haka yake tsallaka ƙasashe. Abun da ya sa iyayenmu a Agadas da arewacin Ghana da Kamaru suke kama Kaduna a kan mita 49 ke nan. Ku da ke bakin iyaka kuma tashoshin Damagaram da na garuruwan da ke kusa da ku ta can ɓangaren sun fi kusa da ku a kan Katsina. Ka ɗaura 'yar waya a jikin eriyar ka ɗaga ta saman ɗaki ko kan bishiya, za ka ga canji, amma ka sauke ta in hadari ya taso sabida tsawa.

Tambayarka ta taɓo inda ke mani ciwo. Manyan na'urorin matsakaicin zango suna shan wuta da man dizal sosai, kayan gyaransu daga waje ake kawowa, don haka gidaje da yawa suka karkata ga FM mai sauƙin kuɗi, wanda aka bari a baya kuma shi ne irinku na nesa. A 2015 gwamnatin tarayya ta ba da lasisin rediyon al'umma guda 17 a faɗin ƙasa, a ƙasa mai ƙananan hukumomi 774, alhali maƙwabtanmu na Nijar sun daɗe da ƙananan tashoshin karkara birjik. Yaran da ke karanta lantarki a foliteknik su sani gidan rediyo na neman injiniyoyi ido rufe, tsofaffin da suka san na'urorin nan suna ta ritaya.

TAMBAYA: Baba ni ma'aikaci ne a wani gidan rediyon gwamnati, ban daɗe da samun dindindin ba. Gaskiya gwiwata ta yi sanyi. Abokaina na ce mani rediyo ta mutu kowa ya koma TikTok da Facebook, a gari kuma ana ce mana 'yan amshin shata, labaranmu kullum gwamna ya ce kwamishina ya ce. In na kawo rahoton ƙauyen da ba ruwa sai a ce a aje tukuna. Shin in haƙura ko in nemi wani abun?

AMSA: Ɗana na fahimce ka, kuma duk wanda ya yi aikin nan da zuciya ɗaya ya taɓa kwana da irin wannan tunanin.

Masu cewa rediyo ta mutu ka tambaye su ina suke a watan Satumban 2021. Lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan sabida matsalar 'yan bindiga, su Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da sauransu, har zuwa Disamba, ba kira ba saƙo ba intanet, mutum sai ya yi tafiya mai nisa ya hau tudu kafin ya gaida ɗansa da ke Legas. A watannin nan me ya rage ma mutane in ba rediyo ba? Ta nan suke jin wace kasuwa aka rufe, wace doka aka sa kan mashin da saida fetur a jarka. Haka lokacin korona a 2020 da aka rufe makarantu, jihohi da dama ta rediyo suka riƙa koyar da yara. Haka farkon 2023 da aka canza kuɗi, aka sa wa'adin 31 ga Janairu aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, tsohon da ya tara kuɗin amfanin gonarsa a gida ba shi da asusun banki a ina zai ji halin da ake ciki? Waya na son caji da data da sabis da iya karatu, rediyo batir kawai take so, ga masu sola ma sun cika kasuwa, ƙaramar wayar da ke aljihun manomi ita ma da FM a cikinta. Ban ce ka raina intanet ba, ka yanko minti biyu mafi daɗi a shirinka ka sa a Facebook da WhatsApp, 'yan ci-rani da ke kudu za su ji su tura gida. Amma kar ka auna darajar aikinka da yawan masu danna maka, mutanenka na ainihi ba su da abun dannawa.

Batun amshin shata, akwai gaskiya a ciki kuma mu muka ja ma kanmu wani ɓangare. Wanda ke naɗa shugaban gida kuma yake sakin kuɗin dizal dole a ji tsoronsa. Amma ka san inda doka ta tsaya, sashe na 22 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora ma 'yan jarida da rediyo da talabijin alhakin sa ido kan gwamnati a madadin jama'a, bai ware gidan gwamnati ba. Dokar zaɓe ta 2022 ta hana a yi amfani da kafar gwamnati don fifita wata jam'iyya, ta ce a raba lokaci daidai. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta ma ma'aikata ka nemi takardu. Ba na ce ka je ka buga ma edita tebur da su ba, ka dai san ba alfarma kake roƙo ba.

Ga yadda na ga masu dabara suna yi. Rahoton ƙauyen da ba ruwa in ka kawo shi da muryarka kana zargi, za a aje shi. Ka kawo shi da muryar matan da ke tashi tun kafin asuba suna bin rijiya, da mai garin, da malamin makarantar da yara ba su zuwa aji sai hantsi don ɗibar ruwa, sannan ka je wurin shugaban ƙaramar hukuma ko jami'in ruwa ka ba shi dama ya amsa, ka haɗa duka. Da wuya edita ya ƙi wannan don an ji ta bakin hukuma, kuma bayan wata guda ka koma ka ji ko an cika alkawari. In sashen labarai ya yi tsauri ka nemi fili a sashen shirye-shirye, can ido bai cika yawa ba kuma can ne aikin yake. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina duk farkon shekara, yaushe ruwa zai sauka yaushe zai ɗauke, amma a babban taro a Abuja ake ƙaddamar da shi, wa zai kai ma manomin Sandamu cewa bana ya nemi iri mai saurin nuna kar ya yi gaggawar shuka da ruwan farko? Kai ne. Ka nemi malaman gona na KTARDA, hukumar raya aikin gona ta jihar Katsina, ka nemi masanan cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, ka kawo su ka sa manoma su yi masu tambaya da bakinsu.

Abu biyu zan ja maka kunne a kai. Na farko ambulan da ake miƙawa bayan taro da sunan kuɗin mota, na san albashi ba ya kai wata, amma ranar da ka saba da ita ƙafarka za ta daina zuwa inda ba a bayarwa, kuma ƙauye ba a bayarwa. Ka matsa ma ofis ta hanyar ƙungiya, ko NUJ ta 'yan jarida ko RATTAWU ta ma'aikatan rediyo da talabijin, a riƙa ba da kuɗin fita aiki. Na biyu tsaro. Kar ka shiga yankin da ba lafiya don neman suna, ka tambayi mutanen wurin wace hanya ake bi kuma ƙarfe nawa, ka bar ma wani a ofis bayanin inda za ka. In wanda aka kora daga garinsu ya ba ka labari kar ka faɗi sunansa ko na ƙauyen in hakan zai ja mashi, don waɗanda ke daji su ma suna da rediyo kuma suna saurare. Labarin hari kuma kar ka sake shi don ka gani a WhatsApp, sai ka ji daga majiya biyu da ba su haɗa hanya ba, in kai ka faɗa a rediyon gwamnati mutane ɗaukarsa suke an tabbatar, gari guda na iya watsewa cikin dare a kan maganarka.

Ko ka zauna ko ka tafi kai za ka yanke, kuma in ka samu inda ya fi ba wanda zai zarge ka, da yawan waɗanda aka sha ji a BBC da Muryar Amurka da DW da RFI daga gidajen jiha suka taso. Ni dai roƙona kafin ka yanke, ka nemi a ba ka minti goma sha biyar a mako, ka zaɓi ƙaramar hukuma guda wadda ba a cika jin ta ba, ka bi ta tun daga sharar gona har kaka, sannan ka sake rubuto mani ka gaya mani abun da ka gani.

Masu tambaya kan kuɗin sanarwar cigiya da ta ɗaurin aure, da wanda ya tambayi yadda ake kafa ƙungiyar masu saurare a ƙauye, ku yi haƙuri fili ya ƙare, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.